Kada Mu Bar "Tsundum" Ta Faɗa Rijiya



Makon jiya malamin Turanci ya koya mana kalmomin da ke kwaikwayon sauti, irin su buzz na kukan zuma da splash na faɗawa ruwa. Muka haddace su tsaf. Da ya ce mu kawo irinsu guda goma a Hausa, sai aji ya yi tsit. Da ƙyar muka haɗa huɗu. Gaskiya mun ji kunya, domin Hausa cike take da su. Malamar Hausa ta ce yawancinsu suna cikin abin da ake kira amsa-kama.

Duk wanda ya taɓa jan ruwa a rijiya, ko Kusugu ce ko ta gidansu, ya san guga yana faɗawa tsundum, tsakuwa kuwa tsulum take yi. Da jin kalmar ka san nauyin abin da ya faɗa. Ruwan indararo yana ɗiga ɗis-ɗis. Buhun gero ya faɗi tim. Agwagwa da hankaka ma, ku faɗi sunansu da ƙarfi ku ji ko bai yi kama da kukansu ba.

Abin damuwa shi ne wasu kalmomin suna ɓacewa. Kakanninmu in sun ji rugugin hadari daga nesa sai su ce ana cida, in ta fashe kusa su ce tsawa. Mu komai tsawa muke ce masa. Lugude ma, tun da injin niƙa ya yawaita, da yawanmu ba mu san amonsa ba balle sunansa.

Kuma da laifinmu a ciki. In ɗalibi daga ƙauyukan Baure, Zango ko Sandamu ya faɗi kalmar da ba mu saba ji ba, sai mu fashe da dariya mu ce ɗan ƙauye. Gobe ba zai sake faɗin ta ba. Alhali wani Bature mai suna Bargery, a ƙamusun Hausa da ya fitar a 1934, har alama yake sa wa kalmomin Daura da na Katsina da na Sakkwato. Baƙo ya adana, mu 'yan gida mu zubar?

Wasu za su ce wannan ba ya kawo maki a jarrabawa. To ku gwada a insha'i. "Yaro ya faɗa ruwa" da "yaro ya faɗa ruwa tsundum", wanne ya fi sa mai karatu ya ga abin?

Ga shawararmu. Kowa ya tambayi kaka ko wani dattijo a unguwa kalma uku na sauti, ya rubuta da ma'anarsu da garin da ya ji su, ya ba ƙungiyar 'yan jarida kafin Juma'a. Za mu liƙa su a wannan allo. Malamanmu kuma muna roƙo, in kun gan su a insha'inmu kada jan biro ya soke su.

Daga 'yan aji biyu na ƙungiyar 'yan jarida.