Ido Ba Mudu Ba Ne: A Koya Wa Yaranmu Masu Aikin Ƙarfe Lissafin Noti da Zare



Maganarmu ta yau ta shafi duk wanda abincinsa yake rataye da ƙarfe: direbobin tirela da tanka masu lodi a Apapa, masu keke da babur, masu injin markaɗe da janareto, da kuma yaranmu da ke koyon kanikanci, walda da aikin tona a Agege, Idi-Araba, Mile 12 da sauran unguwanni. Ra'ayinmu shi ne, lokaci ya yi da za mu daina yaye yaro daga wajen koyon aikin ƙarfe alhali bai iya lissafin zaren bolti da kan noti ba. Lissafin ba shi da yawa, ba shi da wuya, amma rashinsa yana cin kuɗinmu kullum, wani lokaci har da rayuka.

Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Gaskiya ne a wajen awon hatsi. A wajen zaren bolti kuwa, abin da ke raba daidai da kuskure bai kai kaurin farce ba, ido ba ya ganinsa.

Ga dalili. A garin nan ƙarafan ƙasashe daban-daban ne suka haɗu. Tsofaffin motocin Mack daga Amurka suke, yawancin notinsu a kan awon inci aka yi su. DAF da MAN da Mercedes na Turai ne, Toyota ta Japan, Howo ta Sin, duk waɗannan da milimita suke aiki. Akwai kuma zaren Ingila, wanda wani injiniya Joseph Whitworth ya tsara a 1841, da shi aka ɗaure tsofaffin injinan da Turawa suka bari, kuma har gobe siffarsa ce a jikin yawancin bututun ruwanmu. Haƙorin zaren Ingila yana da kusurwar digiri 55, na Amurka da na milimita kuwa digiri 60. A Ladipo ko Owode Onirin sai ka tarar da su duka a cikin kwando ɗaya.

Mu ɗauki misali. Bolti mai suna M10 kaurinsa milimita 10 ne, kuma tazarar da ke tsakanin haƙori da haƙori milimita 1.5 ce a zaren da aka fi sabawa da shi. Akwai boltin Amurka mai kaurin 3/8 na inci, mai haƙori 16 a kowane inci. Tun da inci ɗaya milimita 25.4 ne, kaurinsa ya zama 9.5, tazarar haƙoransa kuma 25.4 a raba gida 16, wato kusan 1.59. A ido tagwaye ne. Idan ka sa na Amurkan a cikin notin M10 yakan shiga, har ka ji kamar ya kama. Amma bai kama ba. Ya fi ramin siranta da rabin milimita, haƙoran kuma suna ƙara saɓawa a kowane juyi, bakin haƙora kaɗan ne kawai ke ɗauke da nauyin. Mota na fara jijjiga a hanyar Ibadan sai zaren ya cinye. Idan murfin injin markaɗe ne, asarar yini ɗaya ce. Idan a wajen birki ne ko ƙafar mota mai ɗauke da lodi, sai dai Allah Ya kyauta.

Wani abin da ke ruɗa mu shi ne kiran bolti da lambar sifana. Za ka ji an aiki yaro, a ce sayo bolti mai lamba 17. Lambar sifana faɗin kan bolti take nunawa, ba kaurin jikinsa ba. A tsohon tsarin Jamus, bolti mai kan 17 M10 ne. A motocin Japan kuwa, M10 kansa 14 ne, mai kan 17 shi ne M12. Bugu da ƙari, Japanawa sun fi amfani da M10 mai tazarar 1.25, ba 1.5 ba. Ke nan abu biyu ne ke bayyana bolti, kaurinsa da tazarar zarensa. Yaron da ya san wannan ba zai yi sawu uku zuwa kasuwa a kan bolti ɗaya ba.

To mene ne lissafin da muke cewa a koyar? Ga shi, ku duba da kanku ko ya fi ƙarfin wani.

Na farko, hudar da za a yanka zare a cikinta. A cire tazarar zare daga kaurin bolti, abin da ya rage shi ne faɗin ramin da za a huda. M10 mai tazarar 1.5, a huda 8.5. M6 mai tazarar 1, a huda 5. M16 mai tazarar 2, a huda 14. Wanda ya huda ƙasa da haka zai karya abin yanka zaren a cikin ramin, fitar da guntun kuma wani aiki ne. Wanda ya wuce haka sosai zai samu zare marar zurfi, da an ɗaure da ƙarfi ya zame.

Na biyu, zurfin haƙori idan ana yanka zare a jikin rodi a kan injin tona. A ninka tazara da 0.613. Mai tazarar 1.5 zurfinsa 0.92 ke nan. Da wannan mai aiki ya san inda zai tsaya, ba sai ya dinga tsayar da inji yana gwada noti ba, har ya wuce wuri.

Na uku, zaɓen giya a tsofaffin injinan tona. A raba tazarar da ake so da tazarar dogon sukurin injin. Idan na injin 6 ne, ana son yanka 1.5, amsa ɗaya bisa huɗu ce: giya mai haƙori 20 ta juya mai haƙori 80. Giyar nan mai haƙori 127 da ke rataye a bango a wasu shaguna, yara ba su san amfaninta ba, ita ce ke ba injin inci damar yanka zaren milimita, domin 25.4 sau biyar 127 ne.

Na huɗu, kan noti mai gefe shida. Faɗinsa daga kusurwa zuwa kusurwa ya fi faɗinsa daga gefe zuwa gefe. A ninka lambar sifana da 1.155. Wanda zai yi noti mai lamba 24 yana buƙatar rodi mai kaurin aƙalla 27.7, sai ya sayi na 28, ya sassaƙe milimita 2 a kowane gefe. Idan ya sayi na 25 saboda yana ganin ya fi 24, kusurwoyin ba za su fito ba, sifana za ta dinga zamewa, kuɗin rodi ya tafi. Bayan kowane gefe ana juya ƙarfen digiri 60. A na'urar raba da'ira wadda sai an murɗa hannunta sau 40 ƙarfe ke zagayowa sau ɗaya, 40 a raba shida ya ba da juyi shida da sulusi biyu.

Na biyar, lambar da ke bisa kan bolti. Idan an rubuta 8.8, kowane murabba'in milimita na ƙarfen yana jure niyuton 800 kafin ya tsinke. Mai 4.6 kuwa 400 yake jurewa. A boltin M10, wannan na nufin na farkon sai wajen tan 4.7 zai tsinke, na biyun kusan tan 2.4. Kamanninsu ɗaya, ƙarfin ɗaya rabin na ɗayan ne. Shi ya sa bolti da aka sassaƙa daga rodin gini bai cancanci zama a ƙafar tirela ba, komai kyan zarensa.

Mun san abin da wasu iyayenmu a sana'a za su ce. Za su ce sun shekara talatin suna wannan aiki ba su taɓa riƙe biro ba, kuma motoci suna tafiya. Ba ma musun gwanintarsu. Amma abin da ke hannunsu lissafin nan ne dai, shekaru suka dasa musu shi ta hanyar gwaji da asarar ƙarfe. Me ya sa yaro zai jira shekara talatin a kan abin da za a iya nuna masa a wata uku? Kuma gwanintar da ke hannu kaɗai, ranar da mai ita ya koma gida ko Allah Ya karɓi abinsa, tare suke tafiya. Wadda aka rubuta ita ke saura.

Wasu kuma za su ce yaranmu ba su yi boko ba. Wannan ma ba hujja ba ce. Ɗan'uwanmu da ke lissafin kwandunan tumatir na mota guda a ka a Mile 12, ko mai canji da ke juya dala zuwa naira kafin ka ciro waya, ba 10 a cire 1.5 ne zai gagare shi ba. Wanda ya zauna gaban malami ya ji rabon gado ya san sumuni da sudusi da sulusi. To 3/8 na inci sumuni uku ne, kowane gefen noti kuma sudusin da'ira ne. Ilimin yana gidanmu, haɗa shi da sana'a ne ba mu yi ba.

Akwai kuma batun gaba. Kamfanoni da masana'antu a Ikeja da Apapa ba baki suke ba da aiki ba, zane suke miƙawa. A jikin takarda za a rubuta M20 x 2.5, a tafi. Wanda ya iya karantawa shi ke karɓar kwangilar, wanda bai iya ba shi ke ɗaukar ƙarfe yana share shago. Haka jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago da ta hukumar NABTEB, duk suna tambayar irin wannan lissafi. Idan muna ƙorafin cewa yaranmu suna daɗewa a matsayin yaran shago, ga ɗaya daga cikin dalilan.

Don haka muna kira ga shugabannin ƙungiya da a buɗe aji na awa biyu duk ranar Lahadi bayan la'asar, a samo ɗaya daga cikinmu da ya yi makarantar koyon sana'a ya koyar, a riƙa ba shi ɗan abin mota daga asusu. A sayi ma'aunin baniya da ma'aunin zare, mai kama da ƙananan zartuna, guda kaɗan don gwaji. A rubuta jadawalin kauri, tazara, faɗin huda da lambar sifana da Hausa, boko da ajami, a manna a kowane shago namu. Iyayen gida su yi haƙuri su saki yaransu na wannan ɗan lokaci, ribar shagonsu za ta fara komawa. Masu motoci kuma, in an canja muku bolti a wuri mai haɗari, ku nemi a nuna muku lambar da ke kansa. Ba raina bakanike ba ne, ran direba da na mutanen da ke kan hanya ake karewa.

Duk mai sana'ar da zai iya koyarwa, ko mai shagon da zai ba da wuri, ya sanar da sakatare kafin taro na gaba domin a sa maganar a ajanda.

Allah Ya sa albarka a sana'o'inmu, Ya tsare mana direbobinmu a hanya, Ya ba yaranmu ilimi mai amfani. Amin.