Wa Zai Rubuta Tarihin Mahaƙin Bagega?

A birnin Enugu akwai mutum-mutumin da aka kafa domin tunawa da masu haƙar kwal 21 da 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe a Iva Valley ranar 18 ga Nuwamba, 1949. Har yau ana ambaton su a tarihin gwagwarmayar neman 'yancin kan Nijeriya. Mahaƙan zinariya na Anka da Bukkuyum kuwa, ba a ko tada zancensu sai an zo lissafin ɓarna.

Ba gunki ake nema a kafa masu ba. Addini da al'adar ƙasar Zamfara ba su yarda da wannan ba. Rubutu ake nema. Idan tsoho ya rasu a Bagega ko Dareta, za a yi masa sutura, a kai shi makwancinsa, a karɓi gaisuwa kwana uku, a watse. Alhali daga cikin tsaransa ne aka ɗebi sojan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, waɗanda suka dawo gida suka kama noma, ko suka bi rami da noman ya gaza. Irinsa ne ke fita aikin gayya, ya yi gyaran maƙabarta, ya yashe rijiyar unguwa. A da, wannan shi ne ma'anar sa-kai, tun kalmar ba ta koma sunan masu yawo da bindiga a daji ba.

Shekarar 2010 ce ta fi cancantar a tsaya a kanta. A watan Maris na shekarar likitocin ƙungiyar MSF suka lura da yawan mutuwar yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Bincike ya nuna cewa duwatsun zinariyar da ake kaiwa cikin gida, ana farfasawa ana niƙawa, cike suke da dalma. Ƙurar ta bi tsakar gida inda yara ke rarrafe, har ta kashe kimanin 400 daga cikinsu. Da aka zo tsabtace garuruwa irin su 'Yargalma da Dareta da Abare, mutanen gari ne suka riƙe shebur, suka kankare gurɓatacciyar ƙasa gida-gida, aka kwashe ta aka binne, aka zubo sabuwa. Bagega sai da ta jira har 2013 kafin gwamnatin tarayya ta saki kuɗin aikin. Rahotannin da aka rubuta da Turanci sun adana awon dalmar da ke cikin jini da ƙasa, amma masu shebur sun shige ƙarƙashin kalma guda: leburori.

Wani zai ce me za a tuna game da wanda ya jawo guba cikin gidansa? To, ai a nan ne labarin yake da nauyi. Sau da yawa hannun da ya kawo dutsen shi ne ya haƙa kabarin ɗan, shi ne kuma ya kwashe ƙasar. Kirari ba zai iya ɗaukar wannan ba, balle rahoton ofis.

Adabin Hausa bai jahilci tunawa da mamaci ba. Malamai suna da marsiyya, sarakuna suna da makaɗan fada. Gummi ta haifi Shaihu Abubakar Mahmud Gumi, kuma an buga tarihin rayuwarsa a 1992, shekarar da ya rasu. Ya cancanta. Sai dai talakan da ya yi soja, ya yi rami, ya yi wa gari hidima, shi ba mawaƙi ba marubuci.

Wannan giɓi na sassan Hausa ne, musamman na Jami'ar Tarayya ta Gusau da Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Kowace shekara ɗalibai na rubuta kundayen digiri a kan mawaƙan da aka sha nazarta. Me zai hana a tura wasu su ɗauki muryoyin tsofaffin nan da karin harshensu na Zamfara? Rashin tsaro ya sa shiga ƙauyukan ya yi wuya, amma da yawansu suna zaman gudun hijira a cikin garin Anka da Gusau, inda wayar hannu kawai ta isa a yi hira da su. Wanda ya shiga soja a 1967 yana ɗan shekara ashirin, yanzu yana dab da tamanin.