ƘWALLON ROBA BA ABIN KUNYA BA NE A WASAN BADMINTON

A duk inda ake wasan badminton don motsa jiki, ko a kulob ɗin ma'aikata ne, ko a barikin soja, ko a filin makarantar sakandare, akwai wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, watau wane ƙwallo ya kamata a buga, na gashin tsuntsu ko kuwa na roba. Tsofaffin 'yan wasa sukan yi wa na roba kallon raini, su ce araha ba ta ado. Maganar tana kama da ƙarama, alhali kuwa a kanta ne za a san ko wasan nan zai kai ga 'ya'yan talakawa, ko kuwa zai tsaya a hannun masu hali.

Gaskiya dai ita ce ƙwallon gashi ya fi daɗin bugu, kuma babu amfanin musun wannan. Gashi 16 ake jerawa, na dinya ko na agwagwa, a kafa su a jikin ɓawon itacen nan mai laushi da ake toshe kwalba da shi, kana a ɗaure da zare. Nauyinsa bisa doka daga giram 4.74 ne zuwa 5.50. In aka buge shi yakan tashi da gudu, sa'an nan iska ta riƙe shi, ya faɗo kusan a miƙe. Wannan hali nasa shi ke ba gwani damar ajiye shi dab da raga, ko ya tura shi ƙarshen fili ba tare da ya fita ba. Saboda haka da shi ake manyan gasanni, har da na Olamfik, inda badminton ya samu cikakken gurbi a birnin Barsalona cikin 1992.

To, amma fa daɗin nan yana da tsada. Gashi ba ya jure duka, da zarar ɗaya ya karye ƙwallo ya shiga tangaɗi, sai a jefar a ɗauko wani. Mutum huɗu masu ƙarfin hannu suna iya cinye rabin dozin a yamma guda. Bugu da ƙari, galibin ƙwallayen daga ƙasar Sin suke fitowa, kuma cikin 2024 da 2025 kamfanonin da ke yin su sun yi ta ƙara kuɗi. Dalili kuwa shi ne kiwon agwagwa da dinya ya ragu a can sa'ad da naman alade ya yi araha, gashi ya yi wuya, ga masu wasa kuma suna ƙaruwa. Ɗan Nijeriya wahala biyu ta same shi, don kuwa da kuɗin waje ake sayo kayan, darajar naira kuma ta faɗi ƙwarai cikin 2023. Ga kuma hunturu, wanda yakan busar da gashi ya riƙa karyewa tun wasa bai yi nisa ba, har sai 'yan wasa sun turara shi da tururin ruwan zafi kafin su fara.

Ƙwallon roba kuwa, wanda aka soma ƙerawa a Ingila cikin shekarun 1950, shi ma yana da aibinsa. In aka maka shi da ƙarfi bakinsa yakan tsuke, iska ta kasa riƙe shi sosai, saboda haka ya fi gudu, kuma ba ya faɗowa a miƙe kamar na gashi. Sai dai guda ɗaya yana iya yin kwanaki ana bugunsa, kuma bushewar iska ba ta karya shi kamar yadda take karya gashi. Yawancin ƙorafin da ake yi a kansa ma rashin iya saye ne ke kawo shi. Masu ƙera shi sukan sa masa alama: kore mai tafiya sannu ne, an yi shi don wurare masu zafi, shuɗi matsakaici, ja kuwa mai gudu ne, na ƙasashen sanyi. Wanda ya sayi mai jar alama ya kai shi filin Legas, ko Jos inda tudu ke ƙara wa ƙwallo gudu, to, kada ya ga laifin roba.

Babbar hujjar masu raina roba ita ce wai yaron da ya koyi wasa da shi hannunsa ya lalace. Wannan magana tana bukatar a auna ta. Riƙon raket, da takun ƙafa, da sanin doka, da jimirin numfashi, duk ana koyonsu da kowane irin ƙwallo, kuma su ne tushen wasan. Wanda ya ƙware a kansu, in ya koma kan gashi abin da ya rage masa shi ne ya daidaita ƙarfin hannunsa. Yaron da aka hana shi wasa domin makaranta ba ta da kuɗin gashi kuwa, babu abin da zai daidaita. Cikin 2024 Mariam Eniola Bolaji ta ciwo wa Nijeriya lambar tagulla a gasar naƙasassu ta duniya a birnin Paris, ita ce ta farko daga Afirka da ta yi haka a badminton. Irinta ba sa fitowa sai daga cikin taron yara masu yawa waɗanda suka samu abin bugawa.

Har ita Hukumar Badminton ta Duniya ba ta ɗauki gashi kamar farilla ba. A farkon 2020 ta ba da sanarwa cewa daga 2021 ta yarda a yi amfani da ƙwallo mai gashin ƙira a gasannin da take kula da su. Lalle wannan ya sha bamban da robar da ake sayarwa a kasuwa, amma ya nuna inda aka dosa. Kafin nan, cikin 2019, ta fito da wani sabon salon wasan na filin Allah, mai ƙwallon da aka ƙera musamman don ya jure iska.

Saboda haka ya kamata ma'aikatun ilmi da hukumomin wasanni na jihohi su daina kashe ɗan abin da aka ware musu a kan ƙwallon gashi don atisayen yau da kullum. A sayi na roba mai kyau a raba wa makarantu, a ajiye na gashi don gasa da kuma 'yan wasan da aka zaɓa su wakilci jiha. Kulob-kulob kuma su bar mai roba ya shiga fili ba tare da an yi masa dariya ba. Wanda ke da halin sayen gashi ya saya, babu mai hana shi, daidai ruwa daidai tsaki. Amma ma'aikacin da ya taso aiki yana neman ya yi gumi, da ɗan makarantar da ya fara riƙe raket, roba ta ishe su, kuma wasan da suke yi badminton ne cikakke.