Wake Ya Fi Biskit

Manomin Gafasa, a ƙaramar hukumar Ajingi, yakan shuka wake a tsakanin gero, da kaka kuma 'yan kasuwa su loda shi zuwa Gaya da Dawanau. Abin takaici shi ne, ɗan manomin nan da ya zama ma'aikaci, in hantsi ya yi a ofis, biskit da lemon kwalba yake aikawa a sayo masa. Ɗalibai ma haka.

Fulawa da sukari nan da nan sukan narke, sukarin jini ya yi sama, jim kaɗan ya faɗo, kafin azahar yunwa ta dawo, ga kasala. Wake kuwa, da gurjiya, da gyaɗa, da awara, a hankali ciki yake sarrafa su saboda sinadarin gina jiki da dusar da ke cikinsu. Sai sukari ya riƙa shiga jini kaɗan kaɗan, mutum ya daɗe bai nemi abinci ba. Mai lafiya muke yi wa wannan magana, tun ciwon sukari bai kama shi ba.

Ba mu ce kowace ƙwalamar wake daidai take ba. Ƙosai ya sha mai, ɗanwaken wasu kuwa fulawa ta rinjayi waken. Alale da dafaffiyar gurjiya sun fi.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekarar 2016 domin wake da danginsa. Mu a ganinmu, ya kamata Ma'aikatar Ilimi ta Jihar Kano ta sa alale cikin karin kumallon makarantun kwana, ta kuma sayi waken kai tsaye daga hannun manoman Gafasa.