KASET ƊIN ANTI NA 1995

Yau ba maganar littafi zan yi ba, wani ɗan kaset ne ya tsaya min a rai tun satin da ya wuce.

Muna gyaran ɗakin ƙanwar mahaifiyata saboda bikin 'yarta, sai ga shi can ƙasan akwati, naɗe cikin tsohon ɗankwali, an rubuta 1995 a jikinsa da jan biro. Amarya ta ɗauka za ta cilla a shara, wai tarkace ne. Wallahi ban taɓa jin Anti ta ɗaga murya irin ta ranar ba. "Ke! Ajiye min abina."

Ƙannena 'yan makaranta, bari in yi muku bayani. Irin kaset ɗin nan ne da ake tara waƙoƙin da suka yi tashe a shekara guda a zuba su wuri ɗaya. Turawa ma suna da nasu: a 1983 kamfanonin Virgin da EMI na Ingila suka fara fitar da Now That's What I Call Music, har suka kai na 100 a 2018. Su Anti kuwa ba kamfani ne ya haɗa musu ba. Mai shagon kaset ne a kasuwa zai ɗauki C-90, minti 45 kowane gefe, ya kwafo waƙoƙin finafinan Indiya da ya ga suna ci.

Kuma 1995 ba ƙaramar shekara ba ce. Ita ce ta Dilwale Dulhania Le Jayenge na Shah Rukh Khan da Kajol, inda Lata Mangeshkar, Kumar Sanu da Udit Narayan suka yi waƙa. Ita ce ta Rangeela, kiɗan A. R. Rahman da muryar Asha Bhosle, ƙanwar Lata. Ga Karan Arjun, ga Coolie No. 1 na Govinda, wanda ni dai har gobe dariya yake ba ni.

Abin da ke ban haushi da masu haɗa irin wannan kaset shi ne rashin lissafi. Waƙar Indiya takan kai minti biyar zuwa shida, gefe ɗaya da ƙyar ya ɗauki takwas, amma don son a ce kaset ya cika sai su cusa ta tara. Zaren ya ƙare, waƙa ta guntule a tsakiya, ko a jikinsu.

To, wadda ta guntule a gefe na biyu ita ce waƙar Anti. Marigayi mijinta, Allah Ya jiƙansa, shi ya kawo mata kaset ɗin ran da ya zo zance na uku. Mutum ne mai nauyin baki, bai iya kalaman nan da muke rubutawa a littafi ba. Ya miƙa mata, ya ce ta ji ta ƙarshen, ya hau kekensa.

Da ƙyar muka aro rediyo mai cin kaset a maƙwabta. Muna sawa ya tauna zaren, gabana ya faɗi. Anti ce da kanta ta jawo shi a hankali, ta liƙe inda ya tsinke da janfarce, ta naɗe da biro.

Ni kuma da rawar kaina sai na nemo mata waƙar a waya, ko minti ɗaya ban yi ba, na ce yau za ta ji ta har ƙarshe. Ta yi shiru tana saurare. Muna zuwa daidai inda kaset ɗinta yake yankewa ta ɗaga hannu.

"Kashe, 'yar nan. Iyakar tawa ke nan."

Na kashe. Ta mayar da abinta cikin ɗankwali, ta ce mu je mu ƙarasa jeren kwanukan amarya kafin magariba.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.