Haddar Ƙamus Ba Ta Buɗe Ƙofar Jami'a

Duk yaron da ya tashi a Basawa, ko Samaru, ko Palladan, ko cikin Sabon Gari, ya san ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello kamar yadda ya san ƙofar gidansu. Tun da aka buɗe jami'ar a shekarar 1962 take maƙwabtaka da waɗannan unguwanni. Wasu yaran ma a cikinta iyayensu ke neman abinci, wani direba, wani mai gadi, wani malami. Amma abin takaici, idan lokacin shiga ya yi, sai a tarar da dama daga cikinsu abu guda ya tare musu hanya, wato Turanci. Ba a ba ɗalibi gurbi sai yana da kiredit a Turanci a jarrabawar WAEC ko NECO, sannan a jarrabawar JAMB, ko wane fanni yake nema, Turanci wajibi ne, shi kaɗai ya kwashe tambayoyi 60 daga cikin 180. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa ke nan.

To, wai shin mene ne ainihin ciwon? Duk malamin da ya taɓa duba takardun ɗalibai ya san cewa ba nahawu ne kaɗai ke kayar da yaro ba. Babban abin da ke kayar da shi shi ne ƙarancin kalmomi. A ba shi labari ya karanta ya amsa tambayoyi, kafin ya kai tsakiya ya yi tuntuɓe da kalmomi goma da bai taɓa gani ba, sai zaren labarin ya tsinke masa. A ce ya rubuta wasiƙa, ga magana cike da cikinsa, amma babu kalmomin da zai fitar da ita. Maganin da aka fi ba shi kuwa shi ne a jero masa kalmomi a allo, wannan daidai take da waccan, wannan kishiyar waccan ce, a ce ya haddace. Ya kwana yana bita, bayan mako biyu a tambaye shi, sai ka ce an zuba ruwa a kwando.

Dalilin haka ba ɓoyayye ba ne. Kalma ba ta zama ita kaɗai, da 'yan uwanta take tafiya. A ɗauki kalmar "ci" a Hausa. Baƙon da ya buɗe ƙamus ya haddace cewa ma'anarta sa abinci a baki, yaya zai yi ranar da ya ji an ce wane ya ci jarrabawa, wane ya ci bashi, wane ya ci amana, ko kuma yau kasuwar ƙauye kaza ke ci? Haka abin yake a Turanci. Kalmar "run" da yaro ya haddace a matsayin gudu, ita ce kuma ake faɗa wa mai tafiyar da shago, da mai tsayawa takara, da hancin da ke yoyo saboda mura. Irin wannan sani sai a bakin masu magana ake samun sa, ko a cikin labari, inda kalma ke zuwa tare da wanda ya faɗe ta, da wanda aka faɗa wa, da halin da ake ciki. Yaron Basawa da ba ya jin Turanci a gida ko a kasuwa, littafin labari shi ne mafi kusa da shi kuma mafi araha.

Wannan hanya kuwa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, malaman zaure sun daɗe da sanin ta. Almajirin da ya yi nisa, yana son ya mallaki lugga, akan sa shi karatun Maƙamatul Hariri, littafin da wani malamin Basra da ya rasu a shekarar 516 bayan Hijira ya wallafa. Labarai 50 ne na wani hatsabibi mai suna Abu Zaid, mai yawo gari-gari yana ruɗar jama'a da zaƙin bakinsa. Malam ya karanta ya fassara kalma bayan kalma, almajiri ya rubuta ma'ana a gefen shafi ko a tsakanin layuka, gobe ya dawo ya biya. Magabata sun gane cewa kalmar da aka tsinta a cikin labari ta fi kama zuciya. Idan an yarda da wannan a Larabci, mene ne zai hana a yarda da shi a Turanci?

Hukumar JAMB ita ma ta gane haka, shi ya sa take sanya littafin labari guda a cikin jarrabawar Turanci. Daga 2021 zuwa 2024 littafin shi ne The Life Changer na Khadija Abubakar Jalli, wanda yawancin labarinsa a kan rayuwar ɗalibai ne a wannan jami'a ta Zariya. A 2025 aka maye gurbinsa da The Lekki Headmaster na Kabir Alabi Garba. To, a nan gizo ke saƙar. Maimakon a karanta littafin, sai ɗalibai da yawa suka koma neman taƙaitawa da tambayoyin da ake hasashe a cikin waya, su haddace sunayen mutanen labarin da abin da kowa ya aikata. Ka ji yaron da aka ba labarin unguwarsu, amma ya gwammace wani ya tauna masa. Ko da ya ci 'yan tambayoyin littafin, dubban jimlolin da za su gina masa harshe sun wuce shi, kuma a sauran takardar zai ga sakamakon.

Sai dai fa ba kowane littafi ne zai yi wa kowane yaro amfani ba, kuma a nan ne da yawa ke karaya. Wani masanin koyar da harshe mai suna Paul Nation, na Jami'ar Victoria da ke ƙasar New Zealand, ya bayyana a 2006 cewa kafin mutum ya karanta rubutu ya fahimce shi ba tare da taimako ba, sai ya san kimanin kashi 98 cikin 100 na kalmomin da ke ciki, kuma littafin labarin da aka rubuta don manya yana buƙatar sanin tushen kalmomi 8,000 zuwa 9,000. Ma'ana, baƙuwar kalma guda a cikin kowace 50. Shafin da ke da kalmomi 300, idan baƙin sun wuce 6 da yawa, to littafin ya fi ƙarfin yaron a yanzu, a sauko masa ƙasa. Wanda bai iya rarrafe ba ba a sa shi tsere.

Alhamdu lillahi, littattafan farawa ba su yi wuya ba. Akwai The Passport of Mallam Ilia na Cyprian Ekwensi da ya fito a 1960, da Burning Grass na 1962 da ke ba da labarin Fulani makiyaya. Akwai jerin Pacesetters na kamfanin Macmillan, waɗanda suka haɗa da The Undesirable Element na Mohammed Sule, ɗan Kano, a 1977. Daga nan a hau zuwa The Stillborn na Zaynab Alkali na 1984, da Things Fall Apart na Chinua Achebe na 1958. Amfanin yawancinsu shi ne yaro ya san duniyar da suke magana a kai, ya san ruga, ya san jirgin ƙasa, ya san zaman gidan kishiyoyi, don haka yana iya cankar ma'anar kalma tun kafin ya buɗe ƙamus.

Yadda ake yi kuwa ba shi da wahala. Ɗalibi ya tanadi fensir da ƙaramin littafin rubutu. Idan ya gamu da baƙuwar kalma kada ya tsaya, ya ja mata layi, ya canki ma'anarta, ya ci gaba har ƙarshen babi. Sannan ya dawo ya zaɓi biyar kacal, musamman waɗanda suka maimaitu, ya duba ƙamus ya ga ko cankarsa ta yi daidai. Ya rubuta kowace tare da jimlar da ya same ta a ciki, ya kuma ƙirƙiro tasa jimlar a kan abin da ya sani, kasuwar Samaru ko barikin Basawa. Ranar Juma'a ya yi tilawar abin da ya tara a mako. Kalma 5 a rana, a shekara ta zama 1,825. Da yayyafi kogi kan cika.

Akwai iyayen da da zarar sun ga yaro da littafin labari sai su fizge, su ce ɓata lokaci ne ko ɓata tarbiyya. Tsoronsu yana kan hanya, domin lalle akwai littattafan da ke cike da fitsara da raina mutuncin ɗan Adam, kuma bai halatta a sakar wa yaro su ba. Amma ba a hana shan ruwa don wata rijiya ta gurɓace. Abin da ya kamata shi ne a tace. Uba ya tambayi malamin da ya amince da shi, ko yayan yaron da ya riga shi karatu, a zaɓa masa. Wanda aka hana littafi mai tsafta a fili, waya na nan tana jiran sa a ɓoye da abin da ya fi muni.

Saboda haka kira ga iyaye da malamai da masu hali na Basawa da Samaru da Sabon Gari: kuɗin da ake zubawa a darasin gaggawa wata guda kafin jarrabawa, a ware wani abu daga ciki a sayi littattafai tun yaro yana ajin farko na sakandare. Makarantun Islamiyya da ƙungiyoyin unguwa su ajiye ko da akwati guda ne na aro. Ɗaliban jami'a da ke zaune a cikin unguwannin nan su ware sa'a guda a mako su zauna da ƙannensu a karanta babi guda tare. Zariya ce garin da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, a nan Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce. Abin kunya ne a ce garin da ya koya wa Arewa karatun littafi, 'ya'yansa suna tsaye a bakin ƙofar jami'a don rashin karanta shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya sa a dace, Ya ba yara ilimi mai amfani, amin.