Mai Tafiya Ganin Gida, Wa Ka Bar Wa Naka?

Kowane ma'aikaci da aiki ya raba shi da garinsu ya san daɗin ranar da aka ba da hutu. Malamin makarantar da ke koyarwa a Gusau alhali iyayensa suna Bida, da akawun da ke Potiskum danginsa suna Katsina, tun ana saura mako guda hankalinsu ya riga ya yi gaba. An sayi turmin atamfa na tsohuwa, an sayi goro, an ƙulle kuɗin mota. Wannan kuwa abin yabo ne, gama zumunta a ƙafa take. Amma akwai wata magana da nake so mu duba tare, mu da muke cin albashi nesa da gida, watau maganar abin da muke bari a baya: gidan da muka rufe, da masu ran da ke cikinsa.

Ma'aikacinmu ba ya rasa abin kiwo. Ko ɗan ƙaramin gidan malamai ne na bayan makaranta, za ka tarar da kaji biyar ko goma, da akuya da 'ya'yanta, wani sa'i har da ragon da aka turke saboda Layya. Wani yana da tantabaru, wani zomaye, wani kanari cikin keji. Kyanwa tana nan tana tsare buhun hatsi daga ɓera, wasu kuma suna ajiye kare don gadi. Duk waɗannan a hannunmu suke ci suke sha kullum. To, ranar tafiya, mota tana jira a ƙofar gida, yara sun shiga, sa'an nan ake tunawa da su. Sai a ƙwala wa wani yaro kira, a miƙa masa makulli, a ce, "Ka riƙa duba mini gidan nan, sai na dawo." Shi ke nan, wai an gama shiri. Ba a nuna masa inda dusa take ba, ba a bar masa kuɗin ruwa ba, ba a ma faɗa masa ranar komowa ba. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma mu kam a wannan wuri kullum ranar muke fafe shi.

Dabbar da ka turke ko ka rufe, ka riga ka tsare mata hanyar neman abinci da kanta, saboda haka cinta da shanta suna wuyanka, ko kana gari ko ba ka nan. Tafiya ba ta sauke maka wannan nauyi, miƙa makulli ga wanda ba shi da ikon ɗaukarsa kuma ba saukewa ba ne. Malamanmu sun daɗe da yanke wannan magana. Duk wanda ya zauna gaban malami ya ji hadisin nan da ke cikin Buhari da Muslim, na matar da ta shiga wuta saboda kyanwa, don ta kulle ta ba ci, ba ta kuwa sake ta ta nema da kanta ba. A lura, matar nan rufewa kurum ta yi ta juya baya, watau daidai abin da mai tafiya yakan yi in bai yi shiri ba. A cikin Muhtasar na Shaihu Halilu kuma, littafin da alƙalanmu suka yi ta hukunci da shi, an wajabta wa mai dabba ciyar da ita in ba ta da wurin kiwo, in ya ƙi kuwa a sayar da ita. Haka nan kundin dokokin laifuffuka na Jihar Arewa, wanda aka kafa a 1959 ya fara aiki a 1960, ya sa sakaci da dabba har ta wahala cikin abubuwan da ake hukunta mutum a kansu.

Mu malaman makaranta hutu uku gare mu a shekara, kowanne kuwa da irin nasa haɗari. Na wajen watan Afrilu yakan faɗo a tsakiyar bazara, lokacin da zafi yake wuce digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Nguru. A irin wannan zafi akuya ko tunkiya tana shan lita 4 ko 5 a wuni, kaza tana shan wajen rabin lita, doki kuwa lita 30 ba ta isarsa. Yi lissafi da kanka, malam. Mai kaji 10 da awaki 2 da rago guda yana bukatar wajen lita 20 kullum, watau kusan jarka guda ta 'yan garuwa. In zai yi kwana 14, jarka 14 ke nan. Wa zai biya? Kaskon ruwan da ka cika ka bari a tsakar gida, kafin la'asar rana ta shanye rabinsa, awaki sun kifar da sauran. Kazar da ta wuni guda ba ruwa takan daina ƙwai har makonni, in kuwa a rufe take cikin akurki da rana tsaka, sai dai a kwashe gawa.

Dogon hutu yana farawa wajen ƙarshen Yuli ya kai Satumba, ya haɗa da Agusta, watan da ruwa ya fi yawa a Kano da Zariya. A nan gidan kansa ne yake cikin haɗari. Ganye ɗan kaɗan ya isa ya toshe indararo, ruwa ya kwanta bisa soro, ya jiƙa azara, kafin mai gida ya komo ɗaki ya rufta. Gara tana samun damshi da shiru sai ta hau akwati, ta cinye littattafai da takardun shaidar da mutum ya yi shekaru yana nema. Randa da gwangwani da tsohuwar tayar da aka bari a buɗe, ruwa yana kwantawa a ciki, cikin kwana 10 ƙwan sauro ya zama sauro mai tashi, 'ya'yan maƙwabta su sha zazzaɓin da ba su suka jawo shi ba. Ga kuma akuya, wadda kowa ya sani da damina turke ta ake yi. In mai tsaro ya gaji da yankan ciyawa ya kwance ta, gonar mutane za ta faɗa, malam ya komo ya tarar da ƙara gaban mai unguwa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In bai nuna wa mai tsaro wurin ba, ina zai sani?

Hutun Disamba shi ne na hunturu, lokacin da annobar nan ta kaji take share unguwa guda cikin mako. Akwai rigakafinta, ana kuwa yin sa a ƙasar nan, a ma'aikatar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, wadda take can tun 1924. Malamin dabbobi zai yi maka shi da kuɗin da bai kai na kaza ɗaya ba, amma sai an yi tun kafin ciwo ya shigo. Lokacin ne kuma na gobara, ga harawa busasshiya a jibge, ga yaro yana jin sanyi shi kaɗai ya hura wuta.

Kare yana da tasa magana dabam. Karen da ya ji yunwa yakan tsinke igiya ya bi gari, ya yi faɗa da karnukan da ba su da mai su, a nan yake ɗauko ciwon hauka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum wajen 59,000 ke mutuwa da wannan ciwo kowace shekara, galibinsu a Afirka da Asiya, wajen kashi 40 cikin 100 kuwa yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. In alamunsa suka bayyana ga mutum, da wuya ƙwarai ya tashi. Saboda haka duk mai kare ya kai shi a yi masa allura kowace shekara, ya kuma gaya wa mai tsaro cewa in an yi cizo a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, a tafi asibiti a ranar.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi damuna, tun da yake aikina duba makarantu ne. Wane ne yaron nan da ake miƙa wa makulli? Sau da yawa ɗan makaranta ne, wanda malam yake koya wa karatu. A ofis kuwa masinja ne ko mai shara. An zaɓe su ne don ba su iya cewa a'a. A wani rangadi na tarar da yaro ɗan aji shida wanda ya yi mako biyu bai komo makaranta ba bayan hutu. Da na bincika, ashe malaminsu ne ya bar masa rago, ragon ya ci leda a juji ya kumbura ya mutu, malam ya ce sai an biya shi. Uban yaron ba shi da kuɗin rago, sai ya hana ɗansa zuwa don kunya. Yaro ya kusa rasa jarrabawa a kan dabbar da ba tasa ba, aikin da bai nema ba, ba a kuwa ba shi ko kwabo a kai ba.

Na san wani zai ce ai hidimar malami albarka ce, mu ma haka muka taso muna ɗebo wa malamanmu ruwa. Gaskiya ne, ba na kuwa so wannan ladabi ya ɓace. Amma ɗebo ruwa a gaban malam, yana gani yana sa albarka, dabam yake da kwana cikin gida shi kaɗai har mako shida, da dukiyar da ta fi ƙarfin ubansa a wuyansa. Hutun nan nasa ne shi ma, da damina kuwa ubansa yana bukatarsa a gona. Sa'an nan littattafan fiƙihunmu sun bayyana cewa wanda aka ba ajiya ba ya biyan abin da ya halaka a hannunsa sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. In haka hukunci yake ga baligi mai hankali, ina ga yaron da ba a ma gaya masa iyakar ba?

A Ingila da Amurka tsaron gida da dabbobi ya zama sana'a. Wani biyansa ake yi, wani kuwa matafiyi ne da ake ba shi gidan ya zauna kyauta, shi kuma ya lura da kare da kyanwa har masu gida su komo. A Ingila ma akwai doka ta 2006 wadda ta ɗora wa duk mai riƙe da dabba nauyin biya mata bukatunta, ko da riƙon na ɗan lokaci ne. Mu mun fi su maƙwabta, ba sai mun nemo baƙo ba. Abin da suka fi mu shi ne takarda, gama sukan rubuta wa mai tsaro kome da kome. Abin mamaki kuwa, mu ne ma'abuta takarda. Akawun da aka yi wa canjin wurin aiki ba ya tashi sai ya ƙirga kuɗin akwati, ya rubuta takardar miƙa aiki, shi da magajinsa sun sa hannu. Me ya hana shi yin haka a gidansa?

Ga shawarar da nake bayarwa. Tun ana saura mako guda ka nemi baligi, maƙwabci ko abokin aiki, ka roƙe shi roƙon da zai iya ƙi ba tare da jin kunya ba. In ya yarda, ka zaga da shi gidan, ku ƙirga dabbobi tare, ka auna dusa da harawa da kanwa na kwanakin da za ka yi har da ƙarin kwana uku, gama mai tafiya ba ya sanin abin da zai tsare shi. Ka bar kuɗin ruwa da na magani, ka rubuta masa lambar wayarka da ta malamin dabbobi. Akuya wata 5 take ɗaukar ciki, kaza kwana 21 take kwanci, saboda haka ka lissafa, in haihuwa ko ƙyanƙyasa za ta faɗo bayanka ka gaya masa. Ka ba shi izini a fili cewa in dabba ta kai gargara ya yanka, kada ya tsaya jin tsoronka har ta zama mushe. Ƙwan da kaji suka yi kuwa ka bar masa. Ku yanke lada tun kafin ka tashi, gama tsaraba kyauta ce, ba ta zama a madadin lada. Ka kashe wutar lantarki, ka rufe tukunyar gas, ka kife duk abin da zai tara ruwa, ka sanar da mai unguwa wanda ka bar wa gida. Kana can kuma ka riƙa bugo waya bayan kwana biyu ko uku.

In ka duba ba ka sami wanda zai riƙe ba, ka rage kiwon. Sayar da kaji biyar a kasuwa ka ƙara guzuri ya fi ka komo ka tarar da gashinsu. Hedimastoci kuma da manyan akawuna suna iya taimakawa ƙwarai. Kowane hutu ba a rasa wanda ba zai yi tafiya ba. A zauna tun kafin a tashi, a shirya wanda zai tsaya ya lura da gidajen 'yan'uwansa, a haɗa masa ladansa, wani hutun kuma wani ya karɓe shi. A kuma hana ba 'yan makaranta wannan aiki, hani mai ƙarfi.

Jama'a, yaran da muke koyarwa suna kallon abin da muke yi fiye da yadda suke sauraron abin da muke faɗa. Malamin da ya rubuta darasin riƙon amana a allo, sa'an nan ya bar akuya tana kuka a turke kwana uku, ya riga ya goge darasin da hannunsa. Mu je mu ga iyaye, mu sada zumunci, amma mu bar gida yadda za mu so a bar mana. Allah ya kai matafiya lafiya, ya komo da su lafiya, su tarar da abin da suka bari lafiya, amin.